Amurka: Alƙali na neman ƙuri'a, coci da jam'iyya na biye da shi

A yawancin ƙasashen duniya alƙali ba ya yawon neman ƙuri'a. Ba ya manna hotonsa a bango, ba ya tallar kansa a talabijin, ba ya kuma jiran a gabatar da shi ga masu ibada ranar Lahadi. A Amurka kuwa waɗannan duka abubuwa ne na yau da kullum. A jahohi 38 daga cikin 50, jama'a ke zaɓen alƙalan kotun ƙolin jaha, ko kuma su kaɗa ƙuri'ar amincewa da ci gaba da zamansu bisa kujera. A wasu jahohin, irin su Alabama, Texas, Pennsylvania da North Carolina, har sunan jam'iyya ake rubutawa kusa da sunan ɗan takarar alƙalanci, kamar dai mai neman kujerar ɗan majalisa.

Waɗannan kotuna ba ƙanana ba ne. Mafi yawan shari'o'in da ake yi a Amurka a kotunan jahohi suke farawa, a nan kuma suke ƙarewa: kisan aure, riƙon yara, rikicin mai gida da ɗan haya, hukuncin kisa, iyakokin mazaɓu, da batun zubar da ciki. Shi ya sa jam'iyyun Republican da Democrat, da attajirai, da manyan ƙungiyoyin Kirista, suka mayar da zaɓen alƙalai fagen daga. Tambayar da ke ƙarƙashin wannan kokawa ita ce: idan mutum ya hau kujerar shari'a da ƙuri'un masu ibada da kuɗin jam'iyya, wa zai saurara ranar da doka ta saɓa wa abin da suke so?

Wisconsin 2019: zaɓen da ya koma muhawara kan imani

A farkon shekarar 2019 an buɗe takarar kujera ɗaya a kotun ƙolin jahar Wisconsin, kotu mai alƙalai bakwai da kowanensu ke yin wa'adin shekara goma. Mai shari'a Shirley Abrahamson, wadda ke kotun tun 1976, ta yanke shawarar sauka. Mutum biyu suka fito, dukansu alƙalan kotun ɗaukaka ƙara: Lisa Neubauer da Brian Hagedorn.

A dokar Wisconsin ba a rubuta jam'iyya a takardar zaɓen alƙalai. Amma kowa ya san inda kowa ya dosa. Hagedorn ya taɓa zama babban lauyan gwamna Scott Walker na Republican, wanda kuma shi ne ya naɗa shi alƙali a 2015. Ita kuwa Neubauer, mijinta tsohon shugaban Democrat ne na jahar, ɗiyarta kuma ƴar majalisar jaha ce a ƙarƙashin jam'iyyar.

Ana cikin yaƙin neman zaɓe jaridu suka tono rubuce-rubucen da Hagedorn ya yi a shafinsa na intanet lokacin yana ɗalibin koyon lauya, wajen 2005. A ciki ya yi kakkausar suka ga hukuncin kotun ƙolin tarayya da ya soke dokar Texas mai hukunta luwaɗi, ya kuma yi tir da ƙungiyar Planned Parenthood mai asibitocin da ake zubar da ciki. Daga baya aka gano cewa yana cikin waɗanda suka kafa wata makarantar Kirista mai zaman kanta, Augustine Academy, wadda ƙa'idojinta suka ba da damar sallamar malami ko ɗalibi a kan hulɗar jinsi ɗaya.

Nan take abokan tafiya suka fara ja da baya. Ƙungiyar dillalan gidaje ta jahar, wadda ta saba mara wa ƴan takara masu ra'ayin riƙau baya, ta janye goyon bayanta. Masu adawa da shi suka ce mai irin wannan ra'ayi ba zai yi wa kowa da kowa adalci ba. Masu sharhi da yawa suka ɗauka an gama.

Hagedorn bai nemi gafara ba, bai kuma musanta imaninsa ba. Sai ya juya maganar: ya ce ba aikinsa na alƙali ake suka ba, addininsa ake kai wa hari, kuma idan aka bi wannan ma'auni to duk Kiristan da ya riƙe koyarwar cocinsa ta gargajiya an haramta masa kujerar shari'a. Ya yi alƙawarin cewa a kotu abin da doka ta ce zai bi, ba abin da ransa ke so ba. Wannan saƙo ya ratsa majami'u da gidajen rediyon masu ra'ayin riƙau. A makon ƙarshe wani kwamitin Republican na ƙasa ya zuba sama da dala miliyan ɗaya a tallace-tallace. Ranar 2 ga Afrilu aka kaɗa ƙuri'a kusan miliyan ɗaya da dubu 200, Hagedorn ya yi nasara da ratar da ba ta kai dubu shida ba.

Ranar da ya ba magoya bayansa mamaki

Waɗanda suka yi masa aiki sun ɗauka sun samu nasu. Ba a daɗe ba suka ga abin da ba su zata ba. A watan Mayun 2020, lokacin annobar korona, rinjayen kotun ya soke dokar zaman gida ta gwamnatin Tony Evers, ɗan Democrat. Hagedorn ya ƙi bin takwarorinsa masu ra'ayin riƙau, ya tsaya tare da marasa rinjaye.

Babbar jarrabawa ta zo a ƙarshen shekarar. Joe Biden ya lashe Wisconsin da ƙuri'a dubu 20 da ƴan kai. Donald Trump ya garzaya kotu yana neman a soke ƙuri'u kimanin dubu 220 a gundumomin Milwaukee da Dane, inda Democrat ke da ƙarfi. Ranar 14 ga Disamba 2020, ranar da wakilan zaɓe za su tabbatar da sabon shugaban ƙasa, kotun ta yi watsi da ƙarar da alƙalai huɗu a kan uku. Hagedorn ne na huɗun, shi ne kuma ya rubuta hukuncin. Hujjarsa ita ce yawancin ƙa'idojin da ake ƙorafi a kansu sanannu ne tun kafin zaɓe, don haka ba a jira sai an sha kaye sannan a nemi jefar da ƙuri'un mutanen da suka bi umarnin jami'an zaɓe.

Trump ya caccake shi a Twitter. Shi da kansa ya shaida wa ƴan jarida cewa an yi ta kiransa maci amana. Wasu daga cikin waɗanda suka kare shi a 2019 da sunan kare addini su ne suka fi jin zafinsa.

Wannan bai mayar da shi ɗan ɓangaren sassauci ba. A 2022 ya bi rinjayen da ya haramta akwatunan ajiye ƙuri'a na bakin titi, a 2025 kuma yana cikin ukun da suka ƙi amincewa da soke tsohuwar dokar hana zubar da ciki. Abin da labarinsa ya fito da shi fili shi ne, imanin ɗan takara da buƙatar jam'iyyar da ta tallata shi ba abu ɗaya ba ne, ko da yake a lokacin yaƙin neman zaɓe ana sayar da su a ƙunshi guda.

Me ya sa ake zaɓen alƙalai tun farko?

Alƙalan tarayya, har da tara na kotun ƙolin Amurka, shugaban ƙasa ke naɗa su, majalisar dattawa ta tabbatar, su zauna har mutuwa ko murabus. Jahohi ma da naɗi suka fara. Amma a ƙarni na 19 jama'a suka gaji da ganin gwamnoni na raba kujerun shari'a ga ƴan barandansu. Mississippi ta fara zaɓen dukan alƙalanta a 1832, wasu jahohi da dama suka bi sahu kafin yaƙin basasa. Manufar a lokacin ita ce a ƙwace alƙali daga hannun ƴan siyasa a miƙa shi ga talakawa.

Da aka ga jam'iyyu sun mamaye zaɓen shi ma, sai aka nemi gyara. Wasu jahohi suka cire sunan jam'iyya daga takardar zaɓe. Missouri ta ɓullo da wani tsari a 1940: kwamiti ya tantance, gwamna ya naɗa, bayan wani lokaci jama'a su ce "e" ko "a'a" kan ci gaba da zaman alƙalin. Kazalika an kafa ƙa'idojin da suka hana ɗan takarar alƙalanci bayyana ra'ayinsa kan batutuwan da ake jayayya a kansu. Shekaru da dama zaɓen alƙalai ya kasance abin da ba ya tara jama'a.

Shekarar 2002 ce ta sauya wannan. Wani lauya a Minnesota, Gregory Wersal, tare da jam'iyyar Republican ta jahar, suka ƙalubalanci ƙa'idar rufe baki. Lauyan da ya tsaya musu, James Bopp, shi ne kuma lauyan babbar ƙungiyar yaƙi da zubar da ciki ta ƙasar. Kotun ƙolin tarayya, da alƙalai biyar a kan huɗu, ta ce ƙa'idar ta tauye ƴancin faɗin albarkacin baki. Daga nan ƙungiyoyi suka fara aika wa ƴan takara takardun tambayoyi: mene ne ra'ayinka kan zubar da ciki, kan auren jinsi, kan addu'a a makarantun gwamnati? Wanda ya amsa ya ɗaure kansa tun kafin ya ji shari'a. Wanda ya ƙi amsawa kuma a rubuta cewa ya ƙi, a raba takardar a ƙofar coci.

Dabarar raba irin waɗannan takardu ta girmi 2002. Tun bayan hukuncin 1973 da ya halatta zubar da ciki a faɗin ƙasar, shugabannin Kiristocin Ebanjelika suka fahimci cewa abubuwan da suka fi damunsu a kotu ake yanke su. Fasto Jerry Falwell ya kafa ƙungiyar Moral Majority a 1979, Pat Robertson ya kafa Christian Coalition bayan shekara goma, wadda ta yi suna wajen raba jagorar zaɓe a majami'u ranar Lahadin ƙarshe kafin ƙuri'a. Wata doka ta 1954 ta hana majami'un da aka yafe wa haraji fitowa fili su goyi bayan ɗan takara, don haka takardar ba ta cewa a zaɓi wane. Tana jera matsayin kowa ne kawai, mai karatu ya gane sauran. A yau kusan takwas cikin goma na fararen Ebanjelika Republican suke zaɓa a zaɓen shugaban ƙasa.

Alabama: dutsen Dokoki Goma

Babu inda addini ya fito ƙarara a zaɓen alƙali kamar Alabama. Roy Moore ƙaramin alƙali ne a gundumar Etowah lokacin da ya rataye allon katako mai ɗauke da Dokoki Goma a ɗakin shari'arsa, yana kuma buɗe zama da addu'a. Ƙungiyar kare ƴancin jama'a ta ACLU ta kai shi ƙara a 1995. Ƙarar ce ta yi masa suna. A 2000 ya tsaya takarar alƙalin alƙalan jahar a tutar Republican, yana alƙawarin maido da tushen doka ga Ubangiji, ya kuma ci.

A tsakiyar 2001, cikin dare, ya sa aka kafa wani dutse mai nauyin kusan tan biyu da rabi, an sassaƙa Dokoki Goma a kansa, a tsakiyar ginin kotun ƙoli da ke Montgomery. Alƙalin tarayya Myron Thompson ya yanke hukunci a 2002 cewa hakan ya saɓa wa tsarin mulki, wanda ya hana hukuma ɗaukaka wani addini. Moore ya ce ba zai cire ba. Ɗaruruwan magoya bayansa suka yi ta kwana suna addu'a a matakalar kotun. Sauran alƙalai takwas na kotun suka haɗu suka ba da umarnin a kawar da dutsen, kuma a watan Nuwamban 2003 kotun ladabtar da alƙalai ta tsige shi baki ɗaya.

Abin lura shi ne waɗanda suka tsaya masa a gaba. Babban lauyan jahar da ya gurfanar da shi, Bill Pryor, ɗan Republican ne, ɗan Katolika mai riƙo da addini, wanda shi kansa ba ya ƙin a kafa Dokoki Goma. Matsayinsa shi ne alƙali ba ya zaɓen umarnin kotun da zai bi. Ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da suka shigar da ƙarar kuma, fasto ne ke shugabantarta a lokacin, Barry Lynn. Rikicin bai kasance tsakanin masu addini da marasa addini ba kawai. Kiristoci ne a kowane ɓangare.

Masu zaɓe dai ba su juya wa Moore baya ba. Sun sake zaɓensa a 2012. A 2016 aka sake dakatar da shi, bayan ya umarci alƙalan gundumomi su ci gaba da aiki da dokar jahar mai hana auren jinsi, duk da hukuncin kotun ƙolin tarayya na 2015. Sau biyu jama'a na ɗora shi, sau biyu doka na sauke shi.

Tsohon mataimakinsa, Tom Parker, ya zama alƙalin alƙalai a zaɓen 2018. A watan Fabrairun 2024 kotun ta yanke hukunci kan ƙarar wasu ma'aurata da aka lalata ƙwayoyin haihuwarsu da aka haɗa aka daskarar a wani asibiti a Mobile. Ta ce a ƙarƙashin wata dokar 1872, waɗannan ƙwayoyi ƴaƴa ne. Parker ya ƙara da nasa bayanin, inda ya kafa hujja da Littafin Farawa da malaman tauhidin Kirista irin su Thomas Aquinas da John Calvin. Cikin kwanaki manyan asibitoci suka dakatar da aikin taimaka wa masu neman haihuwa don tsoron ƙara. Matan da suka kashe dukiya suna jiran ranar dashe aka ce su dakata. Majalisar jahar, wadda Republican ke da rinjaye a cikinta, ta yi gaggawar kafa dokar kare asibitocin, gwamna Kay Ivey ta sa hannu a farkon Maris. 

Iowa: hukunci ɗaya, kujeru uku

Ko tsarin Missouri bai tsira ba. A 2009 alƙalai bakwai na kotun ƙolin Iowa suka yanke hukunci baki ɗaya cewa hana auren jinsi ya saɓa wa tsarin mulkin jahar. Shekara ta zagayo, uku daga cikinsu suka zo neman amincewar jama'a, ciki har da shugabar kotun Marsha Ternus. Wani ɗan siyasa mai kusanci da majami'u, Bob Vander Plaats, ya jagoranci gangamin a ce musu "a'a", da tallafin kuɗi daga ƙungiyoyin Kirista na wajen jahar. Alƙalan suka ƙi tara kuɗi, suka ƙi yin kamfe, suna ganin hakan bai dace da rigarsu ba. Dukansu uku suka faɗi, karo na farko tun da jahar ta ɗauki tsarin a 1962.

Hukuncin bai canza ba, domin faɗuwar alƙali ba ta soke shari'ar da ya yanke. Amma saƙon ya isa kunnen kowane alƙali a ƙasar. Masu gangamin sun ce wannan ita ce dimokuraɗiyya: wanda ya yi wa jama'a hukuncin da ba su yarda da shi ba, su sallame shi. Masu suka suka ce idan alƙali zai riƙa leƙen rumfar zaɓe kafin ya buɗe kundin doka, to marar rinjaye ba shi da inda zai kai kuka.

Kuɗi sun shigo da ƙarfinsu

Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kotun ƙolin tarayya ta taɓa fuskantar wannan a zahiri. A West Virginia, shugaban wani kamfanin kwal, Don Blankenship, ya kashe kusan dala miliyan uku a 2004 don a zaɓi Brent Benjamin, alhali kamfaninsa na shirin ɗaukaka ƙara kan tarar dala miliyan 50. Benjamin ya ci, ya ƙi janyewa daga shari'ar, ya kuma kaɗa ƙuri'ar soke tarar. A 2009 kotun tarayya ta ce wajibi ne ya janye. Sai dai shekara guda bayan haka, hukuncin Citizens United ya buɗe wa kamfanoni da ƙungiyoyi ƙofar kashe kuɗi ba iyaka a zaɓe.

Abin ya ƙara ƙamari bayan 24 ga Yunin 2022, ranar da kotun ƙolin tarayya ta soke hukuncin 1973, ta mayar da batun zubar da ciki hannun jahohi. A Wisconsin wata dokar 1849 ta farfaɗo, asibitoci suka daina aikin. Zaɓen alƙali na Afrilun 2023 ya zama tamkar ƙuri'ar raba gardama. A wannan karon ɓangaren sassauci ne ya yi amfani da ƴancin da hukuncin 2002 ya bayar: Janet Protasiewicz ta fito fili ta ce tana goyon bayan ƴancin mace kan cikinta, ta kuma ce an yi maguɗi a taswirar mazaɓun jahar. Jam'iyyar Democrat ta ba ta kusan dala miliyan goma. An kashe sama da dala miliyan 50 gaba ɗaya, ta kuma doke Daniel Kelly da tazarar maki 11 cikin ɗari. Kafin shekarar ta ƙare sabon rinjayen ya soke taswirar.

A 2025 kuɗin suka ninka. Takarar Susan Crawford da Brad Schimel ta ci kusan dala miliyan 100, wato kusan miliyar 60 na kuɗin sefa, a kan kujera ɗaya. Elon Musk da ƙungiyoyinsa sun zuba sama da miliyan 20 a ɓangaren Schimel, wanda Trump ya goyi baya, har Musk ya je Green Bay ya miƙa wa mutum biyu cakin dala miliyan ɗaya ɗaya. George Soros da gwamnan Illinois JB Pritzker suka tallafa wa ɗaya ɓangaren. Crawford ta ci ranar 1 ga Afrilu. Bayan wata uku kotun ta yanke, huɗu a kan uku, cewa dokar 1849 ba ta aiki. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: ɓangarorin biyu kowane na zargin ɗan'uwansa da sayen kotu, kowane kuma na tara kuɗin zaɓe na gaba.

Inda abin ya shafi baƙi da marasa rinjaye

Sashe na shida na tsarin mulkin Amurka ya haramta gindaya sharaɗin addini ga mai neman muƙamin gwamnati. Hagedorn da magoya bayansa da wannan suka kafa hujja. Amma wannan kariya ba ta Kirista kaɗai ba ce, kuma ba kowane mai kiran sunanta ke yarda a shimfiɗa ta ga kowa ba. A 2006, lokacin da Keith Ellison ya zama Musulmi na farko da aka zaɓa a majalisar dokokin tarayya, Roy Moore ya rubuta cewa bai kamata a bar shi ya hau kujerar ba. A 2015, Carolyn Walker-Diallo ta ci zaɓen alƙali a Brooklyn ta birnin New York, ta yi rantsuwa da Alƙur'ani, abin da ya jawo mata barazana daga masu ƙyamar hakan.

Haka kuma ba Republican kaɗai ke shiga coci neman ƙuri'a ba. Majami'un baƙaƙen fata, waɗanda suka kasance ginshiƙin gwagwarmayar Martin Luther King, sun daɗe suna kwasar masu ibada a motoci daga coci zuwa rumfar zaɓe ranar Lahadi, kuma mafi yawan waɗannan ƙuri'u Democrat suke tafiya. Su ma da Littafi Mai Tsarki suke kafa hujja, sai dai ayoyin adalci ga talaka da baƙo suka fi jawowa.

Ga ƴan Nijar mazauna Amurka maganar ba ta nesa ba ce. Birnin Greensboro na North Carolina na cikin wuraren da suka fi taruwa, kuma jahar na cikin inda aka fi gwabzawa. An maido da sunan jam'iyya a zaɓen kotun ƙolinta daga 2018. A 2020 Paul Newby na Republican ya zama alƙalin alƙalai da ratar ƙuri'a 401 kacal. Da jam'iyyarsa ta samu rinjayen biyar a kan biyu, kotun ta sake buɗe shari'ar mazaɓu da aka riga aka yanke, ta juya hukuncin a 2023. A 2024 Allison Riggs ta Democrat ta yi nasara da ƙuri'a 734 cikin sama da miliyan biyar da rabi. Abokin takararta Jefferson Griffin ya nemi a soke ƙuri'u sama da dubu 60, ciki har da na sojoji da mazauna ƙetare da suka yi rajista a gundumar Guilford, inda Greensboro yake. An shafe wata shida ana shari'a, sai a watan Mayun 2025 wani alƙalin tarayya, wanda Trump ne ya naɗa shi, ya ba da umarnin a tabbatar da nasarar Riggs.

Sunayen alƙalai a ƙasan takardar zaɓe suke, kuma masu zaɓe da yawa kan tsallake su saboda ba su san su ba. A jahar da ɗaruruwan ƙuri'u ke raba gardama, ƴan unguwa ɗaya da suka samu takardar zama ƴan ƙasa na iya sauya rinjayen kotu.

Gaba kura, baya sayaki

Masu sukar zaɓen alƙalai, ciki har da marigayiya Sandra Day O'Connor, mace ta farko a kotun ƙolin Amurka, wadda ta shafe shekarun ritayarta tana kira a daina shi, na cewa alƙali ba wakilin jama'a ba ne, wakilin doka ne. Masu kare tsarin kuma na cewa naɗi ba ya kore siyasa, ɓoye ta kawai yake yi a ofishin gwamna. Ƙasashe kaɗan ne suka bi hanyar ƙuri'a: Bolibiya tun 2011, sai Meziko da ta yi zaɓen alƙalanta na farko ranar 1 ga Yunin 2025, inda kusan kashi 13 cikin ɗari kawai na masu rajista suka fito.

A Nijar, inda alƙali ke shiga aiki ta hanyar jarrabawa da horo da naɗi, an ga ɗaya fuskar matsalar. A watan Yunin 2009 kotun tsarin mulki ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazèye ta soke dokar kiran ƙuri'ar raba gardamar tazarce, shugaba Tandja Mamadou kuma ya rusa kotun kafin watan ya ƙare. Wancan alƙali na tsoron fadar shugaban ƙasa, wannan na tsoron rumfar zaɓe, da mumbarin coci, da aljihun attajiri.

Jahohin Amurka ba su nuna alamar barin tsarin ba, domin binciken ra'ayi da ƙuri'un gyaran tsarin mulki sun sha nuna cewa jama'a ba sa son a ƙwace musu wannan dama. Wisconsin kaɗai na da zaɓen kujerar kotun ƙoli kusan kowace bazara har zuwa ƙarshen wannan goman. Wa'adin Brian Hagedorn zai cika a 2029. Idan ya sake tsayawa, zai koma gaban mutanen da suka zaɓe shi don imaninsa, waɗanda da yawansu har yanzu ba su yafe masa hukuncin 14 ga Disamba ba.